Gurbin Auta a Cikin Hoto

Gidan Yaya gida ne da ba a rasa ci ko sha a cikinsa. Akwai shi, akwai matarsa, akwai 'ya'yansu uku, duka maza. Sai ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda ƙanwarsa ke zaune da 'yarta tun bayan rasuwar mijinta.

Kowa a gidan yana da abin da ya rasa, ko da ba ya faɗa. Yaya ya daɗe yana roƙon Allah 'ya mace, bai samu ba. Ƙanwarsa ma'aikaciyar jinya ce, tana da aikinta, amma ba ta da ƙofar da za ta rufe ta ce nan gidana ne. Ita kuwa yarinyar ba ta san fuskar mahaifinta ba sai a hoto.

Tana goye aka shigo da ita gidan. Da ta fara magana ta ji yaran suna ce wa Yaya Abba, matarsa Umma, mahaifiyarta kuma Anti, sai ita ma ta kama. A lokacin dariya aka yi ta yi, ba wanda ya gyara mata. Da yake ita ce ƙarama a gidan, aka riƙa kiranta Auta har sunanta na gaskiya ya kusa ɓacewa. Yanzu shekararta takwas. Ta san sarai wadda ta haife ta, baki ne kawai ya riga ya saba.

Mutum ɗaya ne a duniya yake ce wa Anti "Maman Auta". Shi ne Mai hoto.

A bayan birnin akwai wani dutse da jama'a ke hawa ranakun hutu. Can a ƙololuwarsa Mai hoto yake aiki, ƙarƙashin wata babbar lema, da kyamararsa da 'yar na'urar da ke fitar da hoto nan take. Anti ta saba kai Auta can idan ta samu hutu, kuma a can maganar aure ta ƙullu tsakaninsu. Da ya zo neman izini, Yaya bai ma bari ya gama sallama ba. Ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da ofishinsa lema ce ba, wanda in hadari ya taso shi ke nan an tashi daga aiki. Anti ta yi kuka har ta gode wa Allah. Umma ta yi ta kai da kawowa tsakaninsu. Yaya bai motsa ba.

Ana cikin haka sai ga Likita. Likitan haƙori ne, baƙo a birnin, mutum mai sanyin hali da karatu ya hana shi aure da wuri. Yaya ya je a cire masa haƙori, ya dawo gida da aboki, wanda yake yi wa ƙanwarsa sha'awar aure. Bayan nan Likita ya zo gidan 'yan lokuta. A falo ake zama, Yaya a tsakiya, shi ke tambaya kuma shi ke amsawa. Anti takan gaishe da baƙon, ta amsa abin da aka tambaye ta, ta miƙe. Ba ta taɓa ba shi labarin kanta ba, don a ganinta wanda ba za ka aura ba, babu dalilin buɗe masa ciki. Ta ɗauka duk abin da ya kamata ya sani, Yaya ya riga ya gaya masa.

Ranar da abin ya faru, da safe Yaya ya ce kowa ya sa takalmi marar tsini, za a fita shan iska. Bai faɗi inda za a ba. Yaran suka yi ta tsalle. Auta ta zauna a wurinta na kullum, tsakiyar kujerar baya, daidai inda Yaya ke hango ta a madubi.

Sai da motar ta bar babban titi ta kama hanyar da ke bi ta tsakanin itatuwa, sannan Anti ta gyara zama ta leƙa waje. Ta san hanyar kamar tafin hannunta.

"Yaya, ina za mu?"

"Dutse za mu hau," in ji shi, bai waiwayo ba. "Na ga kin fi kowa sanin hanya. Yau sai ki yi mana jagora."

Umma ta kawar da kai ta kama kallon taga. A nan Anti ta gane ita ma ta sani.

A gindin dutsen, kusa da rumfar sayar da tikiti, Likita yana tsaye da 'yar jaka a baya da sanda da leda cike da gorunan ruwa. Ya gaishe da kowa, ya raba wa yara ruwa, ya ce wa Anti, "Sista, barka da hutawa." Anti ta amsa da ƙyar. Ta fahimci shirin gaba ɗayansa: Yaya so yake Mai hoto ya gan ta da idonsa tare da wani, a wurin aikinsa, a gaban jama'a, don ya cire rai.

Ta ja Umma gefe ta ce ita kanta ke ciwo, za ta jira su a mota. Umma ta riƙe mata hannu ta roƙe ta kada ta kunyata yayanta a gaban baƙo. Ta ce hawa ne da sauka, kafin rana ta take an dawo. Kafin Anti ta sake magana Auta ta riga ta ruga ta wuce ƙofar shiga, tana kiran yayyenta su zo ta nuna musu inda birai ke zama.

Ba yadda ta iya, ta bi su.

Hanyar ta fara da matakala ta siminti, mai ƙarfen dafawa a gefe. Mutane birjik: 'yan makaranta cikin layi, tsofaffi da sanduna, samari masu gudu suna nuna ƙarfi. Tun ba a je ko'ina ba Yaya ya fara haki. Babban ɗansa ya ce, Abba, ko a karɓar maka tumbin ka huta? Yaya ya kai masa duka da hula, kowa ya yi dariya ban da Anti.

Yaya ya kira Auta ya ce ta zo ta riƙe masa hannu, kada ta rabu da shi yau, hanya ta cika. Auta ta zo da murnarta. Duk lokacin da ta juya za ta koma wajen Anti, sai ya samo abin da zai nuna mata, wata tsuntsuwa ko wani kogo. Anti ta lura, amma hankalinta yana can sama, ba ta tsaya tunani a kai ba.

Inda matakala ta ƙare, hanyar ta zama ƙasa da tsakuwa. A rumfar hutawa ta tsakiya suka zauna. Umma ta cire takalmi tana fifita da gefen mayafi, tana cewa ita da dutse sai dai kallo daga nesa, wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Likita ya ɓare ayaba ya miƙa wa Auta, ya ce ta yi masa murmushi ya gani. Ta washe baki, giɓinta ya fito.

"Wa ya sace miki haƙori biyu?"

"Ɓera," in ji Auta.

"To ki ce wa babanki ya kawo ki wurina, mu kama ɓeran kafin ya dawo." Ya nuna Yaya da haɓa. Auta ta ce to. Ba ta ga wani abu a maganar ba, tunda Abba take ce masa.

Anti ta ji, amma ita ma ba ta kawo komai a ranta ba. Mutane da yawa haka suke cewa.

Daga nan Likita ya rage sauri ya jera da ita. Bai takura mata ba. Ya tambaye ta aikin asibiti, ya ba ta labarin yadda ya sha wuya kafin ya saba da birnin. A wani wuri mai santsi ya miƙa mata sandarsa, ya koma gefen rami da kansa. Wannan ne ya fi damun Anti. Da mugu ne, da ƙin sa ya zo mata da sauƙi.

Da suka ɓullo ƙololuwa, iska ta bugo su. Ga birnin nan shimfiɗe a ƙasa, gidaje kamar akwatunan ashana, motoci kamar tururuwa. Yaran suka ruga bakin shingen ƙarfe suna gardamar inda unguwarsu take.

Ga lemar can. Ga Mai hoto durƙushe yana miƙa wa wasu 'yan mata hotonsu.

Auta ta fizge hannunta daga na Yaya ta tafi da gudu. Mai hoto ya ɗago da fara'a, ya buɗe baki zai yi mata wasan da suka saba. Sai ya hango Anti. Ya hango Yaya. Ya hango mutumin da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da ita, sandarsa a hannunta. Fara'ar ta tsaya a fuskarsa ba ta ƙarasa ba.

Yaya ya goge gumi, ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Mai hoto, zo ka ɗauke mu. Ka kula da wannan bawan Allah ka fito da shi da kyau. Shi ne mijin ƙanwata in Allah ya yarda."

Anti ta runtse ido. Likita ya yi ɗan murmushin kunya ya sunkuyar da kai. Mai hoto ya miƙe a hankali. Ya ɗan daɗe yana gyara igiyar kyamara a wuyansa, alhali ba abin da ya same ta. Sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe. Ku matso nan."

Akwai wani falalen dutse da yake tsayar da mutane a kai, birnin ya fito a bayansu. Kuma yana da yadda yake jera iyali, wanda duk mai yawan hawa dutsen ya sani. Ba ya jera mutane da tsawo, dogo a baya gajere a gaba. Yakan sa miji kusa da matarsa, kowane yaro kuma a gaban wadda ta haife shi, hannunta a kafaɗarsa. Ya taɓa gaya wa Anti dalili. Ya ce hoto yakan fi masu shi daɗewa, wata rana wanda zai kalla bai san kowa a ciki ba, to tsayuwar ce za ta gaya masa wa ya haifi wa.

Haka ya yi yau ma. Ya tsayar da Yaya da Umma, ya jera musu samarin uku. Ya nuna wa Likita wurinsa. Ya nuna wa Anti nata, kusa da shi, bai kalli fuskarta ba. Yaya ya jawo Auta ya tsayar a gabansa, ya ɗora mata hannu biyu.

Mai hoto ya ja da baya, ya ɗaga kyamara. Ya leƙa, ya sauke.

"Auta, ba nan ne wurinki ba. Koma gaban mamanki."

Auta ta zame daga hannun Yaya, ta zagaya ta tsaya gaban Anti kamar yadda ta saba. Hannun Anti ya sauka a kafaɗarta da kansa.

Likita ya yi dariya. Cikin ladabi ya ce, "Malam, rana ta buge ka. Ga mamanta can." Ya nuna Umma.

Ba wanda ya taya shi dariyar.

Auta ta ɗaga kai ta dube shi. Ta ga babba ne ya yi kuskure, kuma ta ga ya kamata a taimaka masa.

"A'a. Anti ce ta haife ni. Babana ya rasu."

Likita ya dubi yarinyar, ya dubi hannun da ke kafaɗarta, ya dubi fuskar Anti, ya sake duban yarinyar. Goshi ɗaya, haɓa ɗaya. Ya yi mamakin yadda bai gani ba tun farko. Anti kuwa shi take kallo, tana ganin mamakin da ke fuskarsa, kuma a hankali abin yana shigarta. Bai sani ba. Duk zuwan nan da yake yi, bai sani ba.

Ta juya wajen Yaya. Yaya yana kallon takalminsa.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya tambayi Yaya ko gaskiya ne, Yaya ya ce gaskiya ne, amma ai ya gaya masa ta taɓa aure, kuma maganar yarinya ba wata magana ba ce, tunda a hannunsa take. Likita ya ce a ba shi ɗan lokaci. Ya tafi can ƙarshen shinge ya tsaya ya ba su baya. Umma ta tattara samarin ta ce su zo ta saya musu lemo. Ta miƙa wa Auta hannu, Auta ta noƙe kafaɗa ta ƙara manne wa Anti.

"Yaya," in ji Anti, muryarta ƙasa ƙasa. "Ɓoye ta ka yi?"

"Ban ɓoye kowa ba. Ba a tambaye ni ba."

"Shi ya sa tun daga ƙasa ka riƙe mata hannu."

"Ke, ki saurare ni. Mutum irin wannan ba kullum ake samun sa ba. Na ce bari magana ta yi ƙarfi tukuna, sannan a gaya masa. Ki tafi gidanki ki huta, yarinya ta zauna inda ta saba. Me ta rasa a wurina? Ranar da aka kawo ta tana zazzaɓi, wa ya kwana da ita a kafaɗa kina wurin aiki? Wa ya kai ta makaranta ranar farko?"

"Kai ne, Yaya. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Amma da bakinka ka shirya min aure babu ita a ciki, ba ka ko tambaye ni ba. Na bar ta tana ce min Anti don na ga kana jin daɗi in ta ce maka Abba. Na ce ba komai, suna ne. Ashe ni na yi ta haƙa wa kaina rami ban sani ba."

Yaya ya juya mata baya. Ya je ya zauna kan wani dutse ya cire hula ya riƙe.

Mai hoto yana nan inda yake, kyamara rataye a ƙirjinsa. Ya matso taki biyu ya tsaya.

"Maman Auta, wallahi ban san ba a gaya masa ba. Da na sani..."

"Da ka sani sai me? Ka bar ta can?"

Ya girgiza kai. "Da sai in ce kyamara ta lalace."

Ta dube shi da jajayen idanu. Ta tambaye shi yadda ya iya tsayar da ita kusa da wani, har yana gyara musu tsayuwa, kamar bai taɓa saninta ba. Ya ce mata in ya ƙi, yayanta ya samu abin da ya hau dutsen nan nema. Kuma in har ita ta amince da auren, ba shi ne zai ɓata mata ranar ba. Ta ce wa ya ce maka na amince? Sai ya ɗago ya kalle ta karon farko tun isowarsu.

A lokacin Likita ya dawo. Ya wanke fuska da ruwan gora, gaban rigarsa duk a jiƙe. Anti ta gyara tsayuwa. Ta san abin da zai faɗa, kuma a ƙasan ranta ta ji sauƙi: zai janye, maganar ta mutu da kanta, ba sai ita ta ce komai ba.

Ya tsaya a gabanta, amma Auta ya fara kallo.

"Sista, abin da ya ɓata min rai ɓoyewar ce, ba yarinyar ba. Na yi tunani. In kin amince, ina so har yanzu. Ke da ita. Akwai ɗaki a gidana da ba kowa a ciki, nata ne."

Anti ba ta zaci haka ba.

Mai hoto ya sunkuyar da kai. Da hannunsa ya buɗe wa abokin takararsa ƙofar da ta rage.

Amma wanda ya fi kowa kaɗuwa shi ne Yaya. Maimakon ya yi murna, zumbur ya miƙe, hular ta faɗi ƙasa.

"A'a, Likita, ba haka muka yi ba. Yarinya tana da gidanta. Ba inda za ta."

Likita ya dube shi da mamaki. "Ranka ya daɗe, ni ba mu yi komai da kai a kanta ba. Yau na san da ita."

"To na gaya maka yanzu. Ƙanwata na ba ka, ban ba ka 'yata ba."

Kalmar ta fita kafin ya kama ta. Umma, da ta dawo da lemo a hannu, ta tsaya cak. Anti ta dubi yayanta, wanda ya goya ta tana ƙarama. Sai yanzu ta gane. Ba lema ce ta hana Mai hoto ba, ba kuma asibiti ne ya ba Likita ba. Mai hoto ya san Auta, yana kiran Anti Maman Auta a bainar jama'a, ba zai taɓa yarda a raba su ba. Yaya mijin da bai san da yarinyar ba yake nema.

Ta share fuska da bayan hannu. Ta juya wajen Likita.

"Likita, na gode. Allah ya saka maka da alheri, ka yi abin da ba kowa zai yi ba. Amma an riga an rufe ka sau ɗaya yau, ba zan ƙara maka na biyu ba. Akwai wanda na yi wa alkawari tun kafin ka zo garin nan. Yaya ya sani."

Likita bai tambayi ko wane ne ba. Ya bi idonta da kallo har zuwa kan mutumin da ke riƙe da kyamara. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya saki wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce ashe shi kaɗai aka hawo da shi dutsen nan ido rufe. Ya karɓi sandarsa daga hannun Anti. Kafin ya juya ya ce wa Mai hoto, "Malam, aikinka bai ƙare ba. Ɗauki uwa da 'yarta. Ni na fita daga ciki."

Mai hoto ya dubi Anti. Ta gyaɗa kai. Ya ɗaga kyamara ya ɗauka. Na'urar ta yi 'yar ƙararta ta turo hoton. Ya kaɗa shi a iska ya bushe, ya durƙusa ya ba Auta.

Yaya ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe. Sannan ya dubi Anti.

"Ki auri wanda kika ga dama. Na cire hannuna. Amma ki ji da kyau, ranar da za ki bar gidana, ke kaɗai za ki fita."

"Yaya..."

"Na gama magana."

Ya kama hanyar sauka. Umma ta bi shi tana kiran sunan Allah a hankali, samarin a bayanta, ba mai tsokanar wani. Mai hoto ya fara naɗe lema zai raka su, Anti ta ce ya bari, yau ba rana ba ce. Ya ce to yaushe? Ta ce ba ta sani ba, amma ta riga ta faɗa a gaban kowa, ba za ta janye ba.

Saukar ta fi hawan tsawo. Ba wanda ya tsaya a rumfar tsakiya. Birai sun fito bakin hanya, Auta ba ta nuna wa kowa su ba. Hannunta ɗaya cikin na Anti, ɗayan riƙe da hoton a ƙirji don kada gumi ya taɓa shi. Can a gaba tana hango Abba yana dafa ƙarfe, yana sauka shi kaɗai. Sau ɗaya ya waiwayo ya neme ta da ido, ya sake juyawa.

A gindin dutsen motar Likita ta riga ta tafi. Ya bar musu ledar ruwa a kan murfin injin motar Yaya.

Yaya ya buɗe ƙofar baya ya tsaya. "Auta, shiga wurinki."

Auta ta dubi Anti. Anti ta ce ta shiga. Ta shiga, amma ba ta tsaya a tsakiya ba. Ta matsa har jikin taga, ta jira Anti ta zauna, ta hau cinyarta, duk da ta wuce shekarun hakan.

Yaya ya tayar da mota. Ya kai hannu ya gyara madubi kamar yadda yake yi kullum. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu. Auta ta leƙo ta bayan kujerar Umma, ta ga gefen fuskarsa, ta ga ruwa yana bin kumatunsa yana shiga gemu. Ba ta taɓa ganin Abba yana kuka ba. Ta so ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗarsa. Ta kuma ji hannun Anti zagaye da cikinta.

Ta sauke ido kan hoton. Mutum biyu ne a ciki, da birnin a bayansu.

Ba ta gane duk maganganun da manya suka yi a kan dutsen ba. Abin da ta fahimta shi ne, Abba bai ɓoye ta don ba ya son ta ba. Ta kuma fahimci cewa duk ranar da aka sake jera mutanen gidan, a gaban Anti za ta tsaya, ko wa ya kira ta.